Famfon Na'Allah

Ranar da za a zauna rubuta tarihin ci gaban ƙasar Gobir, ba za a iya tsallake sunan Na'Allah ɗan Ɗanmusa ba. Shi ne mutum na farko a unguwarmu, a Sabon Birni, da ya shigar da famfo cikin gida. Ba ɗaya ba kuma. Akwai a tsakar gida, akwai a madafa, akwai a makewayi, har da wanda ya fito da shi waje domin jama'a. Babu mai musun wannan, ni kaina na taɓa su da hannuna, na murɗa. Famfuna ne masu kyau, na tagulla. Ruwa ne dai bai taɓa fitowa daga cikinsu ba, amma masu rubuta tarihin ci gaba ba su cika tsayawa kan irin wannan ba.

Mahaifinsa Ɗanmusa manomi ne, kuma bai bar abin da za a je gaban alƙali a kansa ba: gidan ƙasa, gona a Gangara, sai rijiya. Rijiyar ce abin magana. Ya haƙa ta ne a ƙuryar gidan, a wata shekarar yunwa tun zamanin Turawa. Ya yi ta nutsawa har mutane suka fara cewa kabarinsa yake haƙa, sannan ya cim ma ruwa mai sanyi, mai daɗi. Ya ɗaure ta da dutse. Daga nan ya fasa katanga ta wajen lungu ya yi 'yar ƙofa, don matan unguwa su riƙa shigowa ɗiba ba sai sun ratsa zaure ba. Bai sa mata ƙyaure ba. Da aka tambaye shi dalili, ya ce ya san halin 'ya'ya, idan ya sa, wata rana wani zai rufe.

A cikin wannan gida Na'Allah ya tashi, kuma adalci ne a faɗi cewa bai ji daɗinsa ba. Tun kafin fitowar rana ƙarar guga ke tashinsa. Kowace tsohuwa a unguwar innarsa ce, kowace kuma tana da ciwon baya idan ta gan shi kusa da igiya. Tsakar gida kullum caɓi, lungu kullum jakuna da kashinsu. Wasu yaran sun gaji saniya, wasu sun gaji shago, shi ya gaji hayaniyar mata da godiyar da ake yi wa mamaci. Ko bayan rasuwar tsohon, mace za ta ɗauki tulunta ta ce Allah ya ji ƙan Ɗanmusa, ta wuce Na'Allah da ya ja mata ruwan kamar turke ne.

Da ya girma sai ya kama fatauci. Yakan kai wake da albasa Gusau, ya shiga Maraɗi ya sayo atamfa. Bai yi arziki ba, bai kuma tsiyace ba. A Gusau ne ya gamu da abin da ya juya masa kai. Gidan da yake sauka na wani dattijo ne da ba a taɓa ganinsa yana wani aiki ba, yana dai zaune bisa tabarma a ƙofar gida, amma kullum rigarsa a goge. Na'Allah ya tambayi sana'arsa, aka ce haya, ɗakuna gare shi. Ya daɗe yana juya maganar. Ya lura gona sai an yi ruwa, saniya sai an yi ciyawa, amma ɗaki ƙarshen wata kawai yake jira, shi kuwa ƙarshen wata ba a taɓa jin ya ƙi zuwa ba. Wannan lissafi ba shi da aibi. Na sha ganin masu digiri sun yi wanda bai kai shi ba.

A gida kuwa akwai yayarsa Saude. Mijinta ya rasu a Tsamaye, ta dawo ta zauna a ɗakin baya, dab da rijiyar. Ba wanda ya naɗa ta, amma ita ce mai rijiya. Ita ke ajiye ƙugiyar da ake ciro guga idan ya faɗa, ita ke kiran masu yasa idan rani ya yi nisa, ita ke raba faɗan wa ya riga wa. Da ruwan da ke zubewa a bakin rijiya ta yi ɗan lambu na yakuwa da rama da tattasai, da shi take sayen sabulu da goro ba ta roƙi ƙaninta ba. A gado tana da kashi ɗaya cikin uku na gidan, amma ba a taɓa rabawa ba, domin ba a ga abin rabawa ba.

Sai shekarar zaɓe ta zo, ta alif ɗari tara da tamanin da uku. Damina ta yi gardama a shekarar, gero ya tsaya a gwiwa ya bushe, amma ba shi ne babban labari ba. Babban labari shi ne manyan motoci da suka zo suka sauke baƙaƙen bututu a bakin hanya, masu faɗin da yaro zai iya rarrafe a ciki. Aka kafa ƙafafun tanki a bayan gari. Lasifika ta yi ta yawo tana cewa an gama da guga a ƙasar Gobir. Ana kuma ta raɗe-raɗin cewa za a kwaso ma'aikata da yawa daga Isa a zaunar da su a garinmu, kuma duk za su nemi gidan haya.

Na'Allah ya hau mota ya tafi Isa don ya ji irin gidan da ma'aikaci yake so. Ya zauna a wurin mai shayi kusa da ofisoshi, ya yi ta tambaya. Amsar ɗaya ce: daɓen siminti, rufin kwano, famfo, da masai na zamani, irin wanda ake zama a kai a kora da ruwa. A nan aka haɗa shi da Labbo mai aikin famfo, wanda ya koyi sana'ar a Gusau. Labbo mutum ne mai fara'a, yana da jakar sifana da ba ya rabuwa da ita, kuma bai taɓa ce wa mai aiki a'a ba. Yana kiran Na'Allah Alhaji, Na'Allah yana kiransa Injiniya, kowa ya samu abin da ba shi da shi ba tare da ya biya ba.

Aka fara aiki. Na'Allah ya buɗe rumbunansa na Gangara ya sayar da geron bara, a daidai lokacin da duk mai hankali ke ƙara wa nasa rumbun yaɓe. Ya mayar da matarsa Fatu da yara can ƙauye. Aka rushe ɗakunan gaba aka tayar da na bulo, aka fasa tsakar gida aka binne ƙananan bututu. Daga Gusau aka kawo kaskon masai fari fat, a naɗe cikin ciyawa, mutane suka taru kallo, wata tsohuwa ta ce ita da za a ba ta da ta dama fura a ciki. Aka gina wa kaskon ɗakinsa a bayan gida, 'yan taku kaɗan daga rijiya, don nan ne kawai sauran fili.

Nan matsala ta ɓullo. Irin wannan masai yana bukatar rami mai zurfi da ƙazantar za ta riƙa gangarawa, wanda masu sana'ar ke kira sokawe. Filin ya ƙare, guzurin Na'Allah ma ya kusa. Labbo ya tsaya ya dubi gabas ya dubi yamma, sai ya leƙa rijiya. Ya ce ga rami nan an riga an haƙa, an ɗaure shi da dutse, wanda ko gwamnati ba za ta yi kamarsa ba. Ya ce a Gusau duk unguwar da famfo ya shiga haka ake yi da tsofaffin rijiyoyi, tunda ba su da sauran amfani. Bai faɗi haka da mugunta ba. A idonsa rami rami ne, abin da ake zubawa ko ake ɗiba ya danganta da mai gida.

Na'Allah ba jahili ba ne, ya san ba a taɓa irin wannan abu sai an ji ta bakin malamai. Ya je wurin limamin unguwa. Liman ya ce masa rijiya sadaka ce mai gudana, duk wanda ya sha, ladan yana isa ga Ɗanmusa a kabarinsa, kuma ɗa na gari ba ya yanke wa ubansa wannan. Na'Allah ya riga ya shirya amsa. Ya ce ba yankewa zai yi ba, sauya hanya zai yi: zai kafa famfo a waje, jikin katanga, kowa ya ɗiba kyauta, ladan ya ci gaba da tafiya ta bututu, ya ma fi sauri. Liman ya shafa gemu, ya ce gaskiya bai ci karo da wannan mas'ala a littattafan da ya karanta ba. Na'Allah ya ɗauki wannan a matsayin izini. A garinmu an gina abubuwa da yawa a kan izini irin wannan.

Saude ce ba ta bukaci littafi ba. Ta same shi a zaure, ta tsaya a kansa ba ta zauna ba.

"Na'Allah, an ce za ka mai da rijiyar Baba shadda. Gaskiya ta?"

"Yaya, zauna mana. Ba haka maganar take ba. Ruwan gwamnati na nan tahe, kin ga bututu da idonki."

"Na ga bututu. Awaki nika gani suna kwana ciki. In rabo kaka so, a raba. Ka ɗauki ɗakunanka da kwanonka da kaskon nan naka, ni a bar min ramin."

Ya ce rijiya ba ta rabuwa da gida, ta ce to gida ma ba ya rabuwa da ita. Aka kira dattawa. Bayan doguwar magana aka yi sulhu irin namu, wanda kowa ke tashi yana ganin shi ya ci. Za a rufe bakin rijiya da siminti, a bar 'yar kafa mai murfi da guga zai iya shiga. Za a binne bututun masai har zuwa gindin rijiya, amma a bar gaɓa ɗaya ba a haɗa ba, sai ranar da ruwa ya fito a famfon waje kowa ya gani. Ƙofar lungu za ta zauna a buɗe, sai dai Na'Allah ya ce zai sa mata ƙyauren ƙarfe, saboda kayan 'yan haya. Ba wanda ya ga laifin wannan. Saude ta karɓi guntun bututun da ya rage daga hannun Labbo, ta kai ɗakinta ta tura ƙarƙashin gado. Ta ɗauka bututu kamar mabuɗi yake, ɗaya ne tak a duniya.

Aka gama gida, aka shafe shi da farar ƙasa da shuɗin fenti a ƙasa. Ya yi kyau ƙwarai. Ana cikin yaba shi ne sojoji suka karɓi mulki. Ɗan kwangilar ruwa, wanda dama ba mu taɓa sanin sunansa ba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ƙafafun tanki suka tsaya ba kai. Maganar kwaso ma'aikata ta mutu, waɗanda ke Isa ma rage su aka shiga yi. Manyan bututun bakin hanya suka fara raguwa a hankali, wasu suka zama kwalbati, wasu akurkin kaji.

Damina ta biyu ta fi ta farko muni. Aka yi shuka aka sake, aka yi roƙon ruwa har goshi ya yi kanta. Mutane suka fara gangarowa daga arewa, daga hayin iyaka, da jakuna da tabarmi da 'ya'ya masu manyan idanu. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Ta Ɗanmusa ta ja baya, aka ƙara wa igiya tsawo, amma ba ta ƙafe ba. Layin tuluna yakan fito ta ƙofar lungu ya kai bakin masallaci. Saude ta bar lambunta ya mutu don kada a ce tana shayar da ganye mutane na ƙishi. Wani Bafulatani mai suna Jibrilla, daga wajen Burkusuma, wanda tun zamanin Ɗanmusa yake shayar da shanunsa a kwamin da ke lungun ya bar ƙwaryar nono, yanzu yakan zo da 'yan ragowar da suka iya tafiya. Babu nonon bari, Saude ba ta tambaya ba.

Na'Allah kuwa yana zaune bisa tabarma a ƙofar sabon gidansa, kamar dattijon Gusau. Ƙarshen wata yana zuwa kamar yadda ya hango, ba ya saɓawa, sai dai shi kaɗai yake zuwa. Geron da ya sayar da arha yanzu ko kallonsa ba ya iya yi a kasuwa. Daga Gangara saƙon Fatu yake zuwa cewa yara sau ɗaya suke ci, daga baya saƙon ya koma cewa sun fara cin tafasa da dusa. Rigarsa ta yi masa yawa. Duk wanda ya ce a lokacin Na'Allah mugu ne, bai ga wuyansa ba.

Ana nan sai ga Malam Amiru, ma'aikacin gona da aka turo daga Isa ya kula da rabon hatsin agaji. Mutum ne mai natsuwa, mai farar hula, ɗan ƙauye da karatu ya ɗaga. Yana neman gida, aka nuna masa na Na'Allah. Ya zagaya ɗakuna, ya murɗa famfo bai ga ruwa ba, bai damu ba, ya ce duk gidan gwamnatin da ya zauna haka famfonsa yake, zai riƙa saye wurin 'yan ga-ruwa. Da ya shiga makewayi ya ga farin kasko, fuskarsa ta saki. Ya karɓi buta ya zuba don gwaji, sai ruwan ya ɓullo a bayan makewayin, daidai inda aka bar gaɓar nan. Ya ce a'a, wannan a karye yake. Abokan aikinsa za su riƙa zuwa daga Isa, ba zai zauna gidan da za a yi masa dariya ba. In an gyara kafin jibi zai kama gidan gaba ɗaya, in ba haka ba zai duba wani wuri.

Bai tambayi inda bututun ya nufa ba. Na'Allah ma bai faɗa ba. Ba a tsayar da baƙo mai daraja a yi masa bayanin inda bayan gidansa zai sauka.

Abin da ke gaban Na'Allah a fili yake. Ga ɗan haya na farko, wataƙila na ƙarshe, wanda kuma mabuɗin ɗakin hatsi ke aljihunsa. Ga rijiyar da unguwa ke rayuwa a kanta. Ya kwana biyu yana auna su, kuma na yarda ya auna da gaske. Sai aka yi rasuwa a Tsamaye, ƙanin mijin Saude, ta tafi gaisuwa. Da hantsi, bayan layin safe ya watse, Na'Allah ya tura ƙyauren ƙarfe ya sa kwaɗo. Labbo ya zo da wani guntun bututu a kafaɗa, irinsa yana da su da yawa. Aikin bai ɗauki lokacin shan fura ba. Suka shafe murfin kafar da siminti, Labbo ya gyara gefen da cokalin gini har ya yi sumul, don shi mutum ne mai son aikinsa ya yi kyau.

Da la'asar mata suka zo suka tarar da ƙofa a rufe. Ba a yi ihu ba. Wata ta murɗa famfon sadaka da ke jikin katanga, ya yi ɗan tsaki irin na busasshen maƙogwaro, ta mayar ta rufe. Suka ɗauki tulunansu suka nufi gulbi, inda ake tona rairayi a jira ruwa ya tsattsafo. Tafiya ce mai nisa ga mai ƙoshi, balle su. Jibrilla ya zo da shanunsa, ya tsaya ya dubi kwaɗon, ya dubi kwamin, ya gaida Na'Allah da kyau, ya tambayi iyali, sannan ya kora su kudu. Ba mu sake ganinsa ba.

Saude ta dawo ta shiga ta zaure. Ta je ta tsaya kan simintin, ta shiga ɗakinta ta jawo guntun bututunta daga ƙarƙashin gado, ta kawo ta ajiye a gaban ƙaninta.

"Ga naka. Ashe ajiyar banza nika yi."

"Yaya, yara na mutuwa Gangara."

"Na sani. Yaran unguwar ga ai duwatsu na, ba su mutuwa." Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. "Kullum kana cewa ba a taɓa gode maka kan rijiyar ga ba. To yanzu duk wadda ta ɗauki tulu za ta gulbi, sunanka taka kira. Ka samu."

Wannan ce doguwar magana ta ƙarshe da ta yi da shi. Bayan haka gaisuwa ce kawai, ba ta taɓa fasawa ba, ba ta kuma taɓa ƙarawa ba.

Malam Amiru ya tare. Kwana kaɗan ya fara ƙorafi cewa an ce masa unguwar nan akwai ruwa, ga shi sai ya wuni bai ga ɗan ga-ruwa ba, in ya gani kuma ruwan ja ne, garwa rabi, da tsada. Ba wanda ya gaya masa cewa 'yan ga-ruwan unguwar a bayan ɗakinsa suke ɗiba kafin ya zo. Mutane suna gaishe shi da ladabi, suna karɓar mudun agaji daga hannunsa, suna yi masa addu'a, kowa kuma yana kallonsa yana tuna inda abincinsa ke ƙarewa. Shi yana ganin bai taɓa zama cikin mutane masu kawaici irinmu ba. Na'Allah ya samu abin aikawa Gangara, yaran suka rayu, wannan ma a rubuta. Bai cika wata uku ba hatsin agaji ya ƙare, aka mayar da Malam Amiru Isa. Ya yi sallama da kowa, ya yaba gidan.

Washegarin tafiyarsa Na'Allah ya ɗauki guduma da kansa ya fasa murfin, ya cire bututun, ya buɗe ƙofar lungu ya ɓalle ƙyauren gaba ɗaya. Ya zura guga ya jawo. Ruwa garau, ba wari, ba komai. Ya aika a kira liman da dattawa. Liman ya duba, ya sunsuna, ya ce hukunci a bayyane yake: ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba mai tsarki ne, ana sha, ana alwala. Wannan kam yana cikin littafi. Na'Allah ya cika moɗa ya miƙa masa. Liman ya ce yau yana azumin nafila. Aka miƙa wa na kusa da shi, shi ma ashe yana yi. Ban taɓa ganin ranar da dattawan unguwarmu suka haɗu a kan ibada kamar wannan rana ba.

Moɗa ta zagayo ta dawo hannun Na'Allah. Kowa ya zuba masa ido. Ya ɗaga ta har ta taɓa leɓensa, ya tsaya, ya daɗe a haka. Sannan ya sauke ta ya zubar a gindin katanga. Shi ma ya san wata nawa baƙon ya yi a gidan, kuma ya san mutum ba ya wata uku bai zaga ba.

Akwai hanya ɗaya ta sanin gaskiya, kuma Isa ba nisa. Amma wa zai je ya tsaya gaban babban mutum, ma'aikacin gwamnati, mai iyali, ya tambaye shi sau nawa ya shiga makewayi, kuma me ya yi a ciki? Ba a yi. An gwammace a yi ta tafiya gulbi. Aka ce a yashe rijiyar, masu yasa suka ce su rijiya suke shiga, ba shadda ba. Sunan ya riga ya kama ta. Da farko magina na ɗibar ruwan su kwaɓa ƙasa, daga baya yara suka fara jefa tarkace, daga baya manya. Rijiyar da fari biyu bai ƙafar da ita ba, shara ta cike ta.

Saude ta ci gaba da zuwa gulbi da tulunta har wuyanta ya ƙi, sannan 'ya'yan maƙwabta suka riƙa kawo mata. Ta rasu a ɗakin baya, ƙugiyar ciro guga tana rataye a bangonta. Gidan bai sake samun ma'aikaci ba. Baƙin da fari ya koro ne suka zauna a ciki, suna biya da addu'a, daga baya 'yan ci-rani, masu biya idan sun tuna. Kawunan famfo suka ɓace ɗaya-ɗaya, bututun ƙasa suka yi tsatsa, siminti ya tsage, Na'Allah ya yi ta kiran Labbo gyaran abin da bai taɓa aiki ba, har ya gaji. Ya koma noma a Gangara, yakan shigo gari ran kasuwa. Ana kiransa Mai Famfo, yana amsawa. Da ya rasu an yi masa sutura yadda ya kamata, da ruwan da aka sayo. Famfon sadaka shi kaɗai ya tsira, don an kafa shi da ƙarfi. Har yau yana nan, ana ɗaure awaki a jikinsa.

Shekaru da yawa bayan haka na je Isa ɗaurin aure, aka nuna mini Malam Amiru, ya yi ritaya, ya tsufa, yana zaune a inuwa. Na gabatar da kaina, ya tuna Sabon Birni, ya tuna gidan, ya yi wa Na'Allah addu'a da ya ji ya rasu. Boko ya rage mini kunya, shekaru sun ƙarasa sauran, don haka na nemi gafararsa na yi masa tambayar da unguwa guda ta kasa yi. Ya dube ni, ya yi dariya har ya yi tari.

Ya ce shi a ƙauye ya tashi, bai taɓa iya zama kan wannan abu ba, ko a gidajen gwamnati. Ya so shi ne kawai don in baƙi sun zo su gani, baƙin kuma ba su zo ba. Duk zamansa makewayin bayan ɗakin hatsi yake zagawa. Na ce to ɗakin masan fa? Ya ce albasa yake ajiyewa a ciki, wurin yana da sanyi.